Idan Injin Dizal Ya Ƙi Ɗumama: Gano Laifin Tamostat da Yadda Ake Canza Shi

Duk direban da ya saba bin hanyar Hada tsakanin Makka da Ɗa'if ya san yadda ido yake maƙalewa a kan allurar zafin injin a lokacin hawa, domin kowa yana fargabar kada mota ta tafasa a tsakiyar dutse inda babu wurin raɓewa. A wajen gangarowa kuwa kusan babu mai waiwayar allurar nan, alhali a nan ne take tona asirin wata cuta da ta yi yawa a motocinmu na dizal, wato injin da ya ƙi ɗumama. Ni ma a nan na gano tawa. Nakan taso daga Ɗa'if bayan sallar asuba da kayan lambu a bayan Hilux zuwa kasuwar halaka, wato kasuwar sarin kayan lambu da ke unguwar Ka'akiyya a Makka, sai a cikin sanyin bara na lura cewa da ƙyar allurar take ɗagowa daga ƙasa ko da na yi tafiyar minti 20, kuma da zarar na kama gangara sai ta koma ta kwanta kamar yanzu aka tayar da motar. Hita tana busa iskar da ba ta ɗumama ko yatsu, kuma zuwana gidan mai ya fi na da yawa.

Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce mini in gode wa Allah tun da motata ba ta zafi. Godiya ga Allah wajibi ce a kowane hali, amma wannan fahimta ce take kashe injuna a hankali ba tare da mai mota ya farga ba. An ƙera injin ne domin ya yi aiki a wani ƙayyadadden zafi, galibi tsakanin digiri 80 da 95 a ma'aunin Salshiyas, domin a nan ne fistin da ringinsa suke buɗewa su cika silinda daidai, bakin mai ya yi laushin da zai ratsa ko'ina, dizal kuma ya ƙone ƙurmus. Injin da yake yini a digiri 55 ko 60 ba ya ƙone mansa duka, saboda haka wani sashe yana zama baƙin toka da ke taruwa a kan nozul da bawul ɗin EGR mai mayar da wani kaso na hayaki cikin injin, wani sashe kuma yana zurarewa ta gefen ringi ya gauraya da bakin mai ya tsinka shi. Raɓar da ke taruwa a cikin injin, wadda zafi ne ya kamata ya kore ta, sai ta zauna ta mayar da bakin mai kamar kunu. A sababbin motoci masu matatar hayaki ta DPF abin ya fi muni, domin kwamfutar mota ba ta fara ƙone tokar da ta taru a matatar sai injin ya kai cikakken zafinsa, kuma matatar da ta toshe ta ninka kuɗin tamostat sau da yawa.

Tamostat, wanda masu gyara a sina'iyya, wato unguwar garejoji, suke kira balf harara, ƙaramar ƙofa ce da ke tsakanin injin da lagireto. A cikinsa akwai ɗan kwanon tagulla cike da kakin da yake narkewa ya kumbura idan ruwa ya kai wani zafi, kumburin ya tura sanda ya buɗe ƙofar, idan ruwa ya huce kuma sifirin ya mayar da ita ta rufe. Da safe ƙofar tana rufe, ruwa yana kewaya cikin injin da hita kaɗai har ya yi zafi da wuri, daga nan sai ta riƙa buɗewa gwargwadon bukata. Idan ta mutu a rufe, mota ta tafasa nan da nan, kowa ya gani. Idan ta mutu a buɗe, ko ta fara buɗewa tun lokacinta bai yi ba saboda sifirin ya gaji ko robar bakinta ta cinye, sai ruwa ya riƙa zagawa ta lagireto tun daga tayar da mota, injin ya kasa tara zafi, kuma babu abin da zai yi ƙara balle a kula.

Kafin ka taɓa sifana

Ya kamata ka fara sanin halin dizal, don kada ka ɗora wa tamostat laifin da ba nasa ba. Injin dizal ya fi na fetur jinkirin ɗumama tun asali, domin yana amfana da mansa sosai, zafin da yake zubarwa cikin ruwa kaɗan ne, musamman idan mota tana tsaye a silo, wato injin a kunne ba a taka totur ba. Wanda ya kunna mota a ƙofar gida a sanyin Tabuk ko Abha ya bar ta rabin sa'a, ya dawo ya tarar allura ba ta motsa sosai ba, bai ga wata hujja ba tukuna. A kan hanya ake gwaji. Lafiyayyar mota a irin yanayinmu takan kai zafinta cikin minti 10 zuwa 15 na tafiya ta yau da kullum, kuma idan ta kai sai allura ta tsaya wuri guda, ko da ta ɗan sunkuya kaɗan a doguwar gangara. Alamar da ba ta ƙarya ita ce allurar da ke hawa a cunkoson cikin gari, ta sauka da zarar an hau babban titi an sake gudu, domin wannan yana nufin iskar da ke dukan lagireto ce take yanke hukuncin zafin injin, ba tamostat ba.

Gwaji na farko ba ya bukatar komai sai tafin hannu. Ka bar motar ta kwana, da safe ka buɗe bonet, ka duba ruwa a lagireto da kuma robar ajiya da ake kira kirba, domin idan ruwa ya yi ƙasa, sansan zafi, wato 'yar na'urar da ke auna zafin ruwa, yakan kasance a cikin iska ya ba da labarin ƙarya. Sannan ka tayar da injin ka riƙa taɓa babban tiyon sama da ya shiga lagireto duk bayan minti biyu ko uku. A nan ina roƙonka ka naɗe hannun jallabiyarka, ka ajiye shimag ko rawani a cikin mota, domin fanka da fambel ba sa jira. Idan tamostat lafiyarsa ƙalau, tiyon zai daɗe da sanyi ko da jikin injin ya fara ɗumi, sai can daga baya ka ji ya yi zafi kusan a lokaci guda, wanda shi ne lokacin da ƙofar ta buɗe. Idan kuwa ka ji yana ɗumama sannu a hankali tare da injin tun daga mintunan farko, kuma saman lagireto shi ma ya ɗauki ɗumi, to ruwa yana wucewa ta inda bai kamata ba.

Gwaji na biyu shi ne ka daina dogara da allura kaɗai. A yawancin motocin zamani an tsara ta ne ta zauna a tsakiya a cikin faffadan zango, don haka ba ta nuna ainihin lamba. Ƙaramar na'urar OBD, irin ELM327 da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya, za ta nuna maka zafin ruwa kamar yadda kwamfutar mota take ganinsa. Ka fara dubawa kafin ka tayar da injin da ya kwana: zafin ruwa da zafin iskar da injin ke shaƙa ya kamata su yi kusa da juna, kuma su yi kusa da zafin garin. Idan gari yana digiri 15 amma na'ura ta ce ruwa yana ƙasa da sifiri ko yana 50, to sansan ne ko wayarsa ke da matsala, kuma canza tamostat ba zai gyara komai ba. Idan sun dace, sai ka ɗauki wani ya riƙe wayar ka yi tafiya, ya riƙa karanta maka lambar. A tawa, ba ta taɓa wuce 64 a cikin Ɗa'if ba, a gangarar Hada kuma ta faɗo ƙasa da 50. Wasu motoci suna ajiye lambar kuskure P0128, wadda ma'anarta ita ce ruwa bai kai zafin da tamostat ya kamata ya riƙe ba, amma rashin ganinta ba ya wanke tamostat, domin ba kowace mota ce take bayar da ita ba. Ga motar da ba ta da kwamfuta, bindigar auna zafi ta masu gyara ta isa, a nuna ta a gidan tamostat da tiyon sama. Irin wadda aka riƙa auna goshi da ita a lokacin korona ba ta yin wannan aiki, domin iyakarta zafin jikin ɗan Adam.

Abu na uku da za ka kawar shi ne fanka. A motoci irin su Hilux da Hiace da Land Cruiser, fanka tana da kulocinta mai aiki da man silikon, wanda yake sakinta idan injin yana da sanyi. Da injin a kashe kuma a sanyaye, ka juya ta da hannu: ya kamata ta juya da ɗan nauyi. Idan ta ƙi motsi sam, ko ka ga an yi mata walda ko an ɗaure ta da noti don ta riƙa juyawa kai tsaye, ko kana jin rurinta kamar jirgi a kowane gudu, to tana da hannu a cikin sanyin. A mota mai fankar lantarki, ka duba ko tana tashi da zarar an murɗa makulli alhali AC a kashe take, domin an saba haɗa ta kai tsaye a nan ƙasar. Masu motocin Turai kuma su sani cewa wasu injunan dizal, kamar wasu na BMW, suna da ƙaramin tamostat na biyu a kan mai sanyaya EGR, kuma idan shi ya mutu a buɗe alamominsa iri ɗaya ne da na babban.

Lokacin da aka buɗe gidan tamostat ɗin motata, babu komai a ciki. Na saye ta ne a hannu, kuma wani ya riga ya cire shi. Dattijon bakaniken da muka yi aikin tare, Bahaushe da ya haura shekara 30 yana wannan sana'a a Makka, ya leƙa ramin ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, kullum sai na ga irin wannan. Mota ta yi zafi, maimakon a wanke lagireto sai a zare balf a jefar, a ce wai kayan ƙasar ƙanƙara ne." Na ce, "To Baba, a zafin Makka da ke wuce digiri 45, ba a samun sauƙi idan an cire?" Sai ya ɗauko sabon ya juya mini ƙasansa, ya nuna mini wani faifai na biyu da ke can gindi. Wannan faifan shi ne yake toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin idan babbar ƙofa ta buɗe, don a tilasta wa ruwan duka ya bi ta lagireto. Idan aka cire tamostat mai irin wannan faifai, gajeriyar hanyar takan zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa injin bai ga lagireto ba, sai mota ta ƙi ɗumama da sanyi kuma ta fi saurin tafasa a hawan dutse da rani. Motar da ke zafi tana da dalilinta, ko lagireton da ya toshe, ko murfin da ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa, ko kulocin fanka, ko gaskit ɗin kan silinda, kuma can ya kamata a nufa.

Sayen kaya da yin aikin

Ka tafi shagon kayan gyara da lambar shasi da ke cikin istimara, wato takardar rajistar mota, kada ka tsaya ga faɗin sunan mota da shekararta. A jikin kowane tamostat an buga zafin da yake fara buɗewa, za ka ga lamba kamar 76 ko 82 ko 88, kuma wadda kamfani ya sa wa injinka ita za ka nema. Mai shago zai tambaye ka ko asali kake so ko tijari, wato wanda ba na kamfanin motar ba. A kan wannan ɗan abu shawarata ita ce ka sayi na asali, domin bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da yake karewa, kuma kada ka ɗauko shi daga tashlih, inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu, ko da kyauta ne. Ka haɗa da sabuwar robar bakinsa ko gaskit, da ruwan lagireto irin wanda ke cikin motarka. Motocin Toyota suna zuwa da ja ko ruwan hoda, na ruwan hodan a gauraye yake tun daga kamfani, wanda bai zo a gauraye ba kuma ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Ruwan famfo da na rijiya suna barin gishiri da tsatsa, kuma su ne suke cinye tamostat tun farko. A wasu motocin Turai ana sayar da tamostat haɗe da gidansa na roba, ba a raba su.

Idan kana son ka natsu, ka gwada sabon a gida kafin ka ɗaura. Ka rataye shi da waya a cikin tukunyar ruwa yadda ba zai taɓa gindinta ba, ka sa ma'aunin zafi, ka ɗora a wuta. Ya kamata ya fara buɗewa a kusa da lambar da ke jikinsa, ya buɗe sosai kamar milimita 8 zuwa 10 idan ruwa ya kusa tafasa, ya koma ya rufe ruf idan ya huce. Mazauna Ɗa'if su tuna cewa garin ya haura mita 1,800 sama da teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 94, don haka tamostat mai babbar lamba ba lallai ya kai ƙarshen buɗewarsa a tukunya ba. Tsohon kuma, idan ka ciro shi ka ɗaga shi ga haske ka hango rata a bakinsa alhali yana da sanyi, ba ya bukatar tukunya.

Ba a yin aikin sai injin ya huce sarai, zai fi kyau a ce ya kwana. Murfin lagireto yana riƙe matsin iska kamar bar 0.9 zuwa 1.1, ruwan da ke ciki yakan wuce zafin tafasa bai tafasa ba, kuma wanda ya buɗe shi da zafi fuskarsa da hannunsa ne za su biya. Ka tanadi soket mai lamba 10 da 12, da filaya, da sukudireba, da mazurari, da baho mai faɗi, da tsumma. Ka ajiye mota a wuri mai daidaito, ka ja birkin hannu, ka cire kan batir na baƙar waya idan gidan tamostat yana kusa da altaneta ko sitata. Ka buɗe murfin lagireto, ka sa baho a ƙasa, ka kwance ɗan famfon da ke gindin lagireto da hannu. Tsarin gaba ɗaya a mota irin Hilux yana cin kusan lita 10, amma idan ruwan sabo ne kuma tsaftatacce, ya isa ka rage shi har ya sauka ƙasa da gidan tamostat, ka tace ka mayar. Ruwan nan yana da zaƙi kuma guba ne, ga unguwanninmu cike da kyanwoyi da ƙananan yara, saboda haka kada ka bar baho a buɗe, kada kuma ka malalar da shi a titi.

Domin ka gano gidan tamostat, wanda ake kira ku'u a nan saboda lanƙwasarsa irin ta gwiwar hannu, ka bi manyan tiyo biyu na lagireto zuwa inda suka shiga injin. A wasu injuna yana ƙarshen tiyon sama, a injunan Toyota da yawa kuma yana ƙarshen na ƙasa, kusa da famfon ruwa. Ka matse kilif da filaya ka ja shi baya, ka murza tiyon hagu da dama har ya saki, kada ka cusa sukudireba ka yage shi. Ka kwance notuna biyu ko uku da ke riƙe da murfin gidan tamostat, kana sassauta su bi da bi. Idan murfin ya manne, ka ɗan bubbuga shi da ƙotar sukudireba. Kafin ka zaro tsohon tamostat, ka ɗauki hotonsa da waya yadda yake zaune, domin a nan ne mafi yawan masu yi da kansu suke kuskure.

Ka goge mazaunin da kyau har ya yi sumul, ka kankare ragowar tsohon gaskit da abin roba, domin alminiyam yana da saurin karcewa kuma karce ɗaya ya isa ya jawo yoyo. Ka sa sabuwar roba a gefen tamostat, ka zaunar da shi ta yadda ɓangaren sifirin da kwanon kaki zai fuskanci cikin injin. Idan aka juya shi, kakin ba zai ji zafin ruwa ba, kuma mota za ta tafasa cikin 'yan mintuna. A gefen faifan za ka ga wata 'yar ƙusa mai rawa a cikin ƙaramin rami. Wannan ita ce mafitar iska, kuma a tamostat da ke zaune a tsaye dole ta kasance a sama, daidai inda ƙarfe 12 take a agogo, sai dai idan gidan yana da alamar da aka yi mata. Inda aka yi amfani da robar baki ba a bukatar gam, kuma gam mai yawa yakan ɓalle ya shiga ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto da na hita. Ka fara ɗaura notunan da hannu, sannan ka matse su bi da bi. Ɗaurinsu ƙarami ne, galibi tsakanin Nm 10 da 20 a ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, gwargwadon abin da littafin motar ya ce, kuma wanda ya sa ƙarfi zai tsaga gidan ko ya cinye zaren. Ka mayar da tiyo da kilif a daidai tsohon sawunsu, ka rufe famfon gindin lagireto, ka mayar da kan batir idan ka cire shi.

Fitar da iska

Wannan mataki shi ne wanda gaggawa take ɓatawa. Ka juya hita zuwa ƙarshen zafi, ka riƙa zuba ruwa a hankali ta mazurari, kana matsa manyan tiyo da hannu har ka ji ƙumfar iska tana fitowa. Idan injinka yana da notin fitar da iska, ka sassauta shi har ruwa ya fito babu ƙumfa sannan ka rufe. Ka cika kirba zuwa alamar sama, ka tayar da injin da murfin lagireto a buɗe, kana ƙara ruwa duk lokacin da ya sauka. Da yake dizal ba ya ɗumama a silo, ka riƙa ɗaga shi zuwa juyi 2,000 ko 2,500 a minti na ɗan lokaci kana saki. A motar da murfinta yake kan kirba mai matsin iska, a nan ake zubawa kuma a nan ake lura. Idan ka ga ruwan ya fara tasowa zai malala, ka rufe murfin ka ci gaba har tiyon sama ya yi zafi kuma hita ta busa iska mai zafi sosai. Hitar da ke busa sanyi alhali allura tana hawa alama ce ta iska ta maƙale, sai ka kashe injin, ka bari ya huce, ka sake.

Daga nan ka leƙa gidan tamostat da tocila ko akwai ɗigo, ka goge lambar kuskure idan akwai, ka fita gwaji da na'urar a haɗe. Abin da kake nema shi ne lambar ta hau ba tsayawa har kusa da zafin da aka buga a tamostat, ta zauna a can ko a cunkoso ko a babban titi. Tawa ta kai 82 tun ban fita daga Ɗa'if ba, kuma har na sauka gindin dutsen Hada ba ta yi nisa da nan ba. Washegari da safe, kafin ka tayar da mota, ka sake buɗe murfin ka duba, domin ragowar iskar da ta fita cikin dare takan sa ruwa ya ɗan sauka, sai ka cika, ka maimaita dubawar kwana biyu ko uku. Idan motar ta daɗe tana yawo da sanyi kamar tawa, ka canza bakin mai da filtarsa a cikin makon, kada ka jira lokacinsu ya cika, domin man da ke ciki ya riga ya sha dizal da raɓa.